Dila Ko Kilishi: Yadda Muka Adana Waƙoƙi Da Muryoyin Gidanmu

Duk wanda fatauci ya raba shi da garinsu, akwai kayan da yake yawo da su waɗanda ba na sayarwa ba ne. Wani allonsa na yarinta, wani hoton tsohonsa, wani kuma kwalin kaset da faifai. A Zongon Kwatano, inda na shafe shekara ashirin da ɗoriya ina sayar da atamfa da shadda, da wuya ka shiga ɗakin dattijon Bahaushe ba ka tarar da irin wannan kwali a ƙarƙashin gado ko a saman durowa ba. A ciki za ka ga Shata, Ɗanƙwairo, Ɗanmaraya Jos, Barmani Coge, tafsirin watan azumi, da kaset ɗin bikin wani ɗan uwa. Rikodar ta mutu tuntuni, ba mai kunna su, amma kuma ba mai yarda a zubar.

Abin da yawancinmu ba mu lura da shi ba, kwalin nan mutuwa yake yi a hankali. Iskar bakin teku ba irin ta Maraɗi ko Katsina ba ce. Danshi ne da gishiri dare da rana. Zaren kaset yana yin fumfuna, yana mannewa, ran da ka ce za ka kunna sai ya tsinke. Faifan CD da aka buga a kamfani yana da ɗan juriya, amma wanda aka ƙona a shago, wanda ake rubuta sunan mawaƙi a bayansa da maka, sinadarin da ke riƙe da sautin zafi da hasken rana suna cinye shi. Yau ya yi tsalle a waƙa ɗaya, baɗi ya ƙi buɗewa gaba ɗaya.

Nawa kwalin, ban da waƙoƙi, akwai kaset tara da ba na kowa ba ne sai namu. Kafin wayar hannu ta zo, tsohuwata ba ta rubutu, don haka sai ta sa ƙanena ya danna mata rikoda ta yi magana, a ba direban da zai gangaro kudu ya kawo min. Gaisuwa, labarin damina, wa ya haihu, wa ya rasu, faɗa kan na daɗe ban zo ba, sannan addu'a mai tsawo. Allah ya yi mata rasuwa kafin a haifi autata. Waƙar Shata in tawa ta lalace zan samu a wurin wani. Muryar nan kuwa, duk duniya ba ta ko'ina sai a kan zaren nan.

Da na ce wa babban ɗana ina so mu kwashe komai mu zuba a kwamfuta, sai ya yi dariya ya ce, "Baba, ai waƙoƙin nan duk suna YouTube. Na Hajiya kawai za mu ɗauka da waya, a tura wa kowa ta WhatsApp, shi ke nan." Na ce masa ya kunna min wata waƙar Ɗanƙwairo daga wayarsa, ni kuma na sa faifaina a motar maƙwabcinmu. Bai buƙaci bayani ba. Ta wayar kamar ana kiɗa a cikin rijiya, kotson ya dusashe, muryoyin 'yan amshi sun cakuɗe sun zama abu ɗaya. Daga nan ne muka zauna ni da shi, shi da iliminsa na kwamfuta, ni da tambayoyina na ɗan kasuwa, har muka fahimci abin da nake so in gaya wa 'yan uwa a nan.

Sautin da ke kan faifan CD lambobi ne. A kowace daƙiƙa ana auna sautin sau 44,100, a kowane ɓangare na hagu da dama, kowane awo kuma yana cin bit 16. In ka lissafa, minti ɗaya yana cin kusan megabayit 10, faifai mai awa ɗaya ya haura megabayit 600. Tun 1982 da Sony da Philips suka fito da CD haka yake. Wannan shi ne cikakken kayan. Duk wata magana ta tsarin fayil, tambaya ɗaya take amsawa: yaya za a ɗaure kayan nan don a ajiye ko a yi tafiya da su?

Hanya biyu ce. Wanda ya taɓa shiga kasuwar Misebo ya ga yadda ake kwance dilar gwanjo ya san ta farko. An matse kaya da inji har sun zama dunƙule kamar dutse, amma da an yanke igiya, kowace riga tana fitowa da hannunta biyu da maɓallanta. Ba abin da ya ɓata, wuri kawai aka rage. Wannan shi ne matsi marar asara. Hanya ta biyu ita ce ta kilishi. An yanyana nama, an shanya, ya yi sauƙin ɗauka, ya yi daɗi ma, amma ruwan da ya fita ya fita ke nan. Ko ka jiƙa shi kwana bakwai ba zai koma ɗanyen nama ba. MP3 kilishi ne. Haka AAC, haka Opus da WhatsApp ke ɗaukar saƙon murya da shi. Suna zubar da sassan sautin da aka ƙiyasta kunne ba zai damu da su ba, shi ya sa MP3 mai lamba 128 ke cin kusan megabayit 1 kacal a minti.

Kada a fahimce ni a baibai, ba zagin kilishi nake yi ba. MP3 mai kyau, wanda aka yi kai tsaye daga faifai a lamba 256 ko 320, mutane da yawa ba za su bambanta shi da faifan ba, balle a cikin hayaniyar Dantokpa. Kuma kwafar fayil daga waya zuwa waya, ta Xender ko ta Bluetooth, ba ta rage masa komai. Inda ɓarnar take shi ne a sake matsawa. Wani ya ɗauki MP3 ya manna masa hoton mawaƙi ya mai da shi bidiyo, an matse sau biyu. Ya ɗora a intanet, an sake matsewa. Mai turin waƙa a bakin kasuwa ya sauke ya ciro sautin ya mai da shi MP3, an sake. Wani ya sa a sitatus. Kilishin kilishin kilishi ke nan. Abin da ɗana ya kunna min a wayarsa ya bi ta hannu nawa, Allah kaɗai ya sani.

Saboda haka muka yanke cewa asalin ajiya dila za ta zama. Sai dai dilar ma iri-iri ce, a nan ne muka daɗe muna kai da kawo.

Na farko WAV. Microsoft da IBM suka fito da shi a 1991, Apple kuma yana da ɗan uwansa mai suna AIFF tun 1988. Su waɗannan ba a ma matse su ba, kaya ne a shimfiɗe kamar yadda suke a faifai. Amfanin WAV shi ne kusan ba na'urar da ba ta san shi ba, kuma manyan gidajen adana tarihi da gidajen rediyo da shi suka fi aiki. Illarsa biyu. Yana cin wuri, sannan ba shi da tsayayyen wurin rubuta bayani. Za ka zauna ka rubuta sunan mawaƙi da sunan waƙa da shekara, ka buɗe a wata manhaja ka tarar ba komai, sai "Track 01", "Track 02". Ga mai faifai biyar ba damuwa. Ga mai faifai ɗari da wani abu, sito ne cike da dila ba ko ɗaya mai lamba.

Na biyu FLAC. Wani mai suna Josh Coalson ya ƙirƙire shi, cikakken sigarsa na farko ya fito a 2001, daga baya gidauniyar Xiph.Org ta karɓi ragamarsa. Kyauta ne, ba mallakin wani kamfani ba ne, kuma yadda aka gina shi a rubuce yake a fili, kowa na iya karantawa ya haɗa manhajar da za ta buɗe shi. Yana rage girman fayil zuwa tsakanin rabi da kashi biyu cikin uku, gwargwadon irin kiɗan. Ɗanmaraya shi kaɗai da kuntiginsa ya fi matsuwa a kan ayarin Barmani da ƙwaryarsu da guɗa, don sautin da ya fi cunkoso ya fi wuyar matsewa. Akwai matakan matsi daga 0 zuwa 8, kuma na ga yara suna gardama wai na 8 ya fi na 5 kyau ko ya fi shi lalata sauti. Duk ɗaya ne a kunne. Bambancin kawai ƙarfin da aka ja igiyar, rigar da ke ciki ba ta canja ba. Mu mun bar shi a 5, inda manhajar ta zo da shi.

Abu biyu ne suka sa FLAC ya kwanta min a rai. Na ɗaya, yana karɓar rubutun Hausa yadda yake. Ɗanƙwairo yana fitowa da ɗ da ƙ ɗinsa, ba "Dankwairo" ba, ba kuma alamar tambaya a tsakiyar suna ba. Ga yaran da makarantarsu Faransanci ce, wasansu da Fon, Hausarsu ta tsakar gida ce kawai, ganin haruffan nan a fuskar waya ma karatu ne. Na biyu, kowane fayil yana ɗauke da wani hatimi na lissafi da aka buga lokacin da aka yi shi. Bayan shekara biyar kana iya sa manhaja ta duba, in ko ɗigo ɗaya ya lalace a ciki za ta gaya maka. Ɗan kasuwa ya san darajar wannan. Kamar ka karɓi kaya daga tashar jirgin ruwa ka ga hatimin kwantena bai taɓu ba.

Na uku ALAC, na kamfanin Apple, wanda ya fito a 2004, suka kuma buɗe shi ga kowa a 2011. A nan ne rigimar gidanmu ta taso. 'Yata ta biyu iPhone take riƙewa, mijinta ya saya mata. Ta ce, "Baba, ni fa abin nan naku ba ya shiga inda waƙoƙina suke." Gaskiyarta. Tun 2017 iPhone na iya kunna FLAC a wurin ajiye fayiloli, amma manhajar kiɗa ta Apple ba ta karɓarsa cikin jerin waƙoƙi, ALAC take so. Wayoyin Android kuwa sun san FLAC tun 2011, Windows 10 ma yana buɗe shi ba sai an ƙara masa komai ba. A wajen inganci ba wanda ya fi wani, girman ma kusan ɗaya ne. Kuma tunda dukansu dila ne, kana iya juya FLAC ya zama ALAC, ka sake juyo shi, sau ɗari in ka so, ba abin da zai ragu. Don haka ba mu yi dogon zance ba. Yayanta ya sa mata VLC, wadda ke kunna FLAC lafiya lau, waƙoƙin da ta fi so kuma ya juya mata su zuwa ALAC. Abu ɗaya da za a kiyaye: fayil ɗin ALAC yana ƙarewa da .m4a, haka ma AAC, wanda shi kilishi ne. Suna ɗaya, hali daban. In ka ga waƙar minti biyar tana cin megabayit 5, ba ALAC ba ce.

Akwai wasu da muka duba muka wuce. APE, wanda ake kira Monkey's Audio, ya fi FLAC matsewa da ɗan kaɗan, amma yana wahalar da ƙaramar na'ura kuma ba kowace ke buɗe shi ba. WavPack yana da dabara mai kyau, amma a cikin 'yan uwana ba wanda wayarsa ta san shi ba tare da ƙarin manhaja ba. WMA marar asara na Microsoft ne, daga Windows ba ya nisa. Ragin megabayit goma a faifai bai kai a sayi wahalar gobe ba. Tambayar da na riƙa yi wa ɗana ita ce: in ni da kai ba ma nan, jikana ya tsinci wannan ajiya bayan shekara talatin, wanne ne ya fi yiwuwa ya buɗe masa? Amsar kullum FLAC ce ko WAV.

Aikin kwashewa daga CD bai da wuya, haƙuri yake so. Tsohuwar kwamfutar shago muka ɗauko, mai wurin sa faifai. Ɗana ya sa wata manhaja ta kyauta mai suna Exact Audio Copy. Bambancinta da sauran, in ta iso wurin da faifai ya karce ba ta tsallakewa ta yi shiru, sai ta maimaita karantawa har ta tabbatar, in ta kasa kuma ta rubuta maka cewa a minti kaza akwai shakka. Masu Mac suna da XLD, akwai kuma fre:ac da ke aiki a kusan kowace kwamfuta. Faifai mai lafiya minti goma ya ishe shi. Wanda ya sha wuya ya kan ci awa guda. Akwai wani rumbu a intanet, AccurateRip, da ke gwada abin da ka kwasa da na sauran mutanen duniya da suka kwashi irin faifan. Faifan Ali Farka Ture da na saya na kamfani ya samu shaida nan take. Namu na gida kuwa, waɗanda aka ƙona a shago, ba su cikin rumbun, sai dai mu dogara da rahoton manhajar da kunnenmu.

A nan ne kuma muka gano wani abin takaici. Faifai da yawa da na saya da kuɗina a matsayin na asali, ashe daga MP3 aka ƙona su. Akwai wata ƙaramar manhaja, Spek, da ke zana sauti kamar hoto. Sautin da ya taɓa zama MP3 mai lamba 128 za ka ga an yanke samansa ƙat a wajen 16,000, layi miƙaƙƙe kamar an sa almakashi. Wani mai shago da na daɗe ina ciniki da shi ya sha rantse min cewa nasa daga kamfani suke. Hoton ya nuna akasin haka. Wasu faifan ma ba na sauti ba ne sam, fayilolin MP3 ne aka zuba, waƙa ɗari a faifai ɗaya. Irin waɗannan kwafarsu kawai za ka yi yadda suke. Mai da MP3 zuwa FLAC ɓata wuri ne, ka sa kilishi a cikin dila, nama ba zai dawo ba. Duk wanda ya ce zai "ƙara wa waƙarka inganci" ta wannan hanya, kuɗinka yake so.

Kaset shi aikinsa daban ne, don ba lambobi a kansa. Dole a kunna shi daga farko har ƙarshe ana ɗauka, kaset mai minti 90 ya ci minti 90. Mun nemo rikoda mai lafiya a wurin wani mai gyaran rediyo, aka canja mata bel, aka goge kanta, aka haɗa ta da kwamfuta da waya, ba wai a kanga makirfo a bakin lasifika ba. Manhajar Audacity ta ɗauka a WAV, daga nan muka mai da shi FLAC. Ɗana ya so ya goge "shuuu" ɗin da ke bayan muryar kakarsa. Na ce ya goge a kwafi, amma na asalin a bar shi yadda ya fito. Da ya gwada gogewar sai ga shi ta tafi da kukan zakara da sautin turmi da ke can baya, muryar ma ta koma kamar ta cikin gwangwani. Manhajar gyaran sauti ta bana ta fi ta bara, ta baɗi za ta fi ta bana. Wanda ya ajiye cikakken asali zai iya sake gwadawa duk lokacin da ya so. Wanda ya ajiye gyararre a MP3 ya rufe wa kansa ƙofa.

Uwargida ce ta yi tambayar da ta fi kowacce nauyi. Ta ce, "Alhaji, kaset ɗin da aka ɗauka da rikodar batir a tsakar gida, wane inganci ne da shi da za a ce kada a rasa? Ni da kunnena ban ji bambanci ba." Ban musa mata ba. A lasifikar ɗakin girki ni ma ba na ji. Amma ba don kunnen yau ake ajiye asali ba. Jari ne. Ba ka ɗaukar jarinka ka baza a tebur, daga cikinsa kake ciro abin da za ka kai kasuwa. Yau MP3 ake yayi, gobe wani abu ne, kuma duk lokacin da aka juya daga kilishi zuwa kilishi sai an yi asara. In asalin yana nan, kowane sabon kwafi daga tushe yake fitowa, matsi ɗaya tak.

To, yaya ake saurare a gida? Tsohuwar kwamfutar nan ita ce ta zama rumbu. Ɗana ya sa mata Jellyfin, manhaja ce ta kyauta, ta haɗu da wayafai na gida. Duk wanda ke cikin gidan, daga wayarsa ko talabijin, yana buɗewa ya ga jerin mawaƙa ya zaɓa. Ba ya cin data ko kaɗan, domin sautin bai fita waje ba, daga ɗaki zuwa ɗaki yake tafiya, kuma FLAC bai kai nauyin da zai gagari wayafai ba. Da yake kwamfutar ta cinya ce mai batir, ko an ɗauke wuta ba ta mutuwa nan take, sai dai na'urar wayafai ita ma tana son nata batirin. Wanda ba ya son wannan ɗawainiya, wasu na'urorin wayafai suna da wurin soka filashi, VLC kuma tana iya ganin abin da ke ciki.

Sai dai a san wani abu kafin a kashe kuɗi. In daga waya kake tura sauti zuwa lasifika ta Bluetooth, to a hanya ana sake matse shi, domin Bluetooth na yau da kullum ba ya ɗaukar cikakken sautin CD. Ba laifi ba ne, matsi ɗaya daga asali mai kyau ya fi matsi na biyar nesa ba kusa ba. Amma mai son ya ji komai, sai ya haɗa da waya. Haka kuma 'yar rediyon nan mai cin memori da muke ajiyewa a shago, da rediyon mota, da yawansu MP3 kawai suka sani. Saboda su muka yi kwafi na biyu na komai a MP3 mai lamba 256. Shi ne ke yawo a aljihu, shi ake tura wa 'yan uwa a Lome da Kumasi. In hanya ta kama ni zuwa Malanbil ba na jan FLAC ta data, awa ɗaya sai ta cinye kusan megabayit 350. In kuma wani ɗan uwa yana son asalin muryar Hajiya, ana tura masa ta WhatsApp a matsayin takarda, ba a matsayin saƙon murya ba, don ya isa yadda yake.

Maganar wuri ba ta kai yadda ake tsoro ba. Faifai ɗaya a FLAC yana cin megabayit 300 zuwa 400. Memori mai gigabayit 128 zai ɗauki faifai sama da 300. Rumbun ajiya mai terabayit 1 zai ɗauki sama da 2,500, wanda ba na jin akwai mai su a duk Zongo. Abin tsoro shi ne jabun memori, mu 'yan kasuwa mun san suna nan birjik. An rubuta 128 a jiki, cikinsa bai kai 16 ba, kana zubawa yana nuna ya karɓa, ashe sabo yana taka tsoho. Akwai manhajar H2testw da ke cika shi ta karanta ta gaya maka gaskiyarsa. A gwada kafin a ba shi amana. Kuma kada ajiya ta zama ɗaya. Namu uku ne: na kwamfuta, na rumbun da ke cikin akwati, da wanda na kai wa ƙanena a gida, inda iska ta bushe. Duk azumi ɗana yana sa manhaja ta duba hatimin fayilolin. Kaset ɗin da faifan ma ba mu zubar ba.

Wani abokina da ya ga tsarin ya ce in ba shi kwafi ya buɗe wurin turin waƙa. Na ce a'a. Abin da na saya na kwashe don gidana daban, sayar da gumin wani daban. Shata ya rasu a 1999, Barmani a 2013, Ɗanmaraya a 2015, amma sun bar iyali, kuma mawaƙan da ke raye da wannan sana'a suke ci. Mu da ke kuka in an kwaikwayi zanen atamfarmu an kawo jabu, bai kamata mu yi wa wasu haka ba.

Aikin da ya fi cin lokaci ba na kwamfuta ba ne, rubuta bayani ne. A kowane fayil na kaset ɗin Hajiya mun sa shekarar da muke zato, da sunayen waɗanda ta ambata, da dangantakarsu da mu. Ni kaɗai na san wace ce "mai ƙosai ta ƙofar gida", ni kaɗai na san wace shekara ce rijiyar unguwa ta ƙafe. Sai da muka yi dare bakwai, ina faɗa autata tana bugawa. Tana tsayar da ni tana tambaya: mene ne "bazara", me ya sa kaka take cewa "ɗiyana" maimakon "'ya'yana", wane ne wannan da ake yi wa addu'a har sau uku? Hausar da ban iya koya mata da faɗa ba, ta koye ta da son jin abin da tsohuwar ke cewa. An ce kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Ni dai na ga gida yana iya biyo mutum, in an ɗaure shi da kyau.

Shawarata ga ɗan uwa mai irin wannan kwali gajeriya ce. Fara da abin da ba shi da na biyu: kaset ɗin saƙo, na ɗaurin aure, karatun malaminku na unguwa. Waƙoƙin kasuwa su biyo baya. Asali a FLAC, ko ALAC in gidanku duk Apple ne, na yawo kuma a MP3. A rubuta suna da shekara tun masu sani suna da rai. Ba a fafe gora ranar tafiya, damina mai zuwa kuma ba za ta jira ka gama lissafin shago ba. Allah ya jiƙan magabatanmu, ya albarkaci kasuwa.